Jadawali mai canza launi da kansa: Yadda ake gina shi da inda yake yaudarar mai shi

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato ta nufi Goronyo ya san Achida, garin nan na Ƙaramar Hukumar Wurno da kasuwarsa ta mako-mako ta yi suna wajen dabbobi da hatsi. Ranar kasuwa, tun kafin azahar wayoyin dillalai ba sa hutawa. Wani Alhaji daga Sakkwato yana tambayar kuɗin buhun gero, wani daga Kano yana son jin farashin albasa da tafarnuwa, wani kuma daga Legas raguna ne a gabansa. Ana faɗa, ana rubutawa a littafin aljihu ko a bayan kwali, mako ya zagayo a sake.

Mu ɗauka ɗan kasuwa yana bibiyar kaya shida a kasuwanni biyar: Achida da Wurno da Rabah da Goronyo da kuma birnin Sakkwato. Alƙaluma 30 ke nan a kowane mako, wato 1,560 a shekara. Babu idon da zai ratsa waɗannan lambobi ya gano a cikin minti ɗaya inda kaya suka fara tashi, ko kasuwar da ta yi makonni uku ba a ji daga gare ta ba. Haka abin yake ga ma'aikacin gwamnati da ke karɓar rahoton wata-wata daga asibitoci ko makarantu masu yawa.

Wannan matsala ce ta haifar da jadawali mai launi, wanda kowane gurbi a cikinsa yake ɗaukar kore ko rawaya ko ja gwargwadon lambar da aka zuba masa. Gina shi ba ya buƙatar digiri a fannin kwamfuta. Abin da yake buƙata shi ne natsuwa wajen tsara ƙa'idar da za ta raba launukan, domin duk wanda ya ga ja zai ɗauki mataki, wanda ya ga kore kuma zai kwanta barci. Idan ƙa'idar ta karkace, su biyun za su yi asara.

Abubuwa uku da suka haɗa shi

Kowane jadawali irin wannan yana tsaye ne a kan abubuwa uku. Na farko shi ne alƙaluman da aka tattaro. Na biyu ƙa'ida, wato sharaɗin da ke cewa idan lamba ta haura kaza, gurbinta ya zama ja. Na uku kuma fuskar da mai kallo yake gani, mai layukan kwance da na tsaye.

Bambancinsa da jadawalin da aka shafa wa launi da hannu a bayyane yake. Magatakardan da ya zaɓi gurbi ya zuba masa ja da kansa, idan aka gyara lambar gobe, jan yana nan daram ko da kuwa matsalar ta wuce. A jadawali mai canza launi kuwa, manhaja ce take sake auna kowace lamba da ƙa'ida a duk lokacin da aka taɓa ta, launin ya bi lambar duk inda ta nufa.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A shekarar 1873 wani masanin ƙididdiga a Faransa mai suna Toussaint Loua ya wallafa jadawalin gundumomi 20 na birnin Paris, inda ya yi amfani da duhu da hasken launi wajen nuna bambancin da ke tsakaninsu. Manhajar jadawalin lissafi ta farko da ta yi fice a ƙananan kwamfutoci, VisiCalc, ta fito a 1979. Kamfanin Microsoft ya sanya wa Excel damar canza launi bisa sharaɗi a fitowarta ta 1997, amma sharuɗɗa uku kacal ake iya ɗora wa gurbi ɗaya, sai a fitowar 2007 aka ɗage wannan iyaka. A yau akwai wannan dama a Google Sheets da LibreOffice, kuma duka biyun kyauta ne.

Ba baƙon abu ba ne a yankin

Iyaye mata a ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo sun riga mutanen ofis da yawa sanin wannan tsari, ta hanyar ma'aunin da ake ɗaura wa yara a dantse domin gano tamowa. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa wata 59, idan kaurin dantsensa ya kai santimita 12.5, ma'aunin yana nuna kore. Tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya ne. Ƙasa da 11.5 kuma ja ne, ma'ana tamowa mai tsanani da ke buƙatar magani ba tare da jinkiri ba. Ko wadda ba ta iya karanta lamba ba ta san abin da za ta yi idan ta ga ja.

Misali na biyu shi ne nazarin wadatar abinci da ake kira Cadre Harmonisé, wanda ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel ke jagoranta, kuma Najeriya ta fara gudanar da shi a 2015. Sau biyu a shekara masana ke zama su rarraba yankuna zuwa matakai biyar: kore ga inda babu matsala sosai, rawaya ga inda aka fara takura, ruwan goro ga inda aka shiga mawuyacin hali, ja ga matakin gaggawa, ja mai duhu kuma ga matsananciyar yunwa. Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da ake yi wa wannan nazari, kuma masu raba agaji suna duba launin yanki kafin su yanke shawarar inda za su fara kai kaya.

A yaƙin da aka yi da cutar shan inna ma an yi amfani da shi. Bayan kowane zagayen rigakafi, masu bincike masu zaman kansu sukan duba yara 60 a ƙaramar hukuma. Idan waɗanda aka tsallake ba su wuce uku ba, ƙaramar hukumar ta ci jarrabawa. Idan sun wuce, launinta ya sauya a allon cibiyar kai ɗaukin gaggawa, a nemi bahasi daga jami'anta. Wannan bibiya tana cikin abubuwan da suka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020, lokacin da aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Abin lura a misalan uku shi ne, an yanke iyakar kowane launi tun kafin a fara awo, kuma kowane launi yana da matakin da aka ɗaura masa. Mai son gina nasa jadawalin, daga nan ya kamata ya fara.

Matakan ginawa

*Mataki na farko: tambaya ɗaya.* Kafin a buɗe kwamfuta, mutum ya rubuta tambayar da yake son jadawalin ya amsa masa. Misali: a wace kasuwa ce kuɗin gero ya tashi fiye da kima daga makon jiya zuwa wannan mako? Jadawalin da aka ce ya nuna farashi da riba da bashi da kuɗin mota duk a fuska ɗaya, ƙarshensa ya zama kamar zanen atamfa, ga launi ko'ina amma ba a karanta komai.

*Mataki na biyu: shafin zuba alƙaluma.* A ware shafi ɗaya mai layukan tsaye biyar: kwanan wata, kasuwa, kaya, ma'auni, farashi. Kowane rahoto ya ci layin kwance ɗaya. A nan ne yawancin kurakurai suke shigowa. A wurin manhaja, Goronyo daban, Gwaranyo daban, haka nan Rabah da Raba garuruwa biyu ne. Maganin wannan shi ne a tsara jerin sunaye da mai shigar da bayani zai zaɓa daga ciki, ta hanyar abin da Excel da Google Sheets suke kira Data Validation.

Farashi kuma a rubuta shi lamba tsantsa, kamar 56000. Idan aka rubuta "dubu 56" ko aka haɗa da kalmar naira, manhaja za ta ɗauke shi a matsayin rubutu. A ƙa'idar Excel, idan aka gwada rubutu da lamba, rubutun ne babba a kowane lokaci, don haka gurbin zai iya yin ja alhali farashi bai motsa ba.

Sai batun ma'auni. Tiya ba mudu ba ce, buhun albasa na wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, sabuwar albasa mai ruwa kuma ba kuɗinsu ɗaya da wadda ta bushe a rumbu ba. Idan dillalin Achida yana faɗar kuɗin babban buhu, na Goronyo yana faɗar na ƙarami, jadawalin zai riƙa nuna cewa kaya sun fi araha a Goronyo, mutum ya ɗauki mota ya tafi a banza.

*Mataki na uku: fuskar jadawali.* A shafi na biyu, a jera sunayen kasuwanni a layin tsaye na A, makonni shida na baya-bayan nan kuma su ci layukan B zuwa G. Ana iya cika guraben da hannu, amma ya fi a bar manhaja ta ɗebo su daga shafin farko da umarnin AVERAGEIFS, wanda ke fitar da matsakaicin farashin kaya kaza a kasuwa kaza a mako kaza. Da zarar an ƙara sabon rahoto a shafin farko, fuskar za ta sabunta kanta.

*Mataki na huɗu: ƙa'ida.* A ce makon jiya an sayar da buhun gero naira 50,000, wannan mako kuma 56,000. Ƙarin naira 6,000 ke nan, wato kashi 12 cikin 100. Ɗan kasuwa zai iya yanke cewa ƙarin da bai wuce kashi 5 ba kore ne, wanda ya haura 5 zuwa 10 rawaya, wanda ya haura 10 kuma ja. Waɗannan iyakoki misali ne kawai, kowa da irin sana'arsa.

Kada a binne iyakokin a cikin umarni. A rubuta 10% a gurbin J1, a rubuta 5% a J2. Daga nan a zaɓi guraben C2 zuwa G6, a shiga Conditional Formatting, a zaɓi sabuwar ƙa'ida mai amfani da lissafi, a rubuta:

=C2>B2*(1+$J$1)

a ba ta launin ja. Ma'anarta ita ce: idan farashin wannan mako ya fi na makon jiya da abin da ya haura iyakar da ke J1. Ta rawaya ma haka take, sai dai J2 za a sa a madadin J1. Alamar dala da ke gaban harafi da lamba tana ɗaure gurbin ne a wuri ɗaya, ta yadda duk guraben jadawalin za su riƙa duba J1 ɗin nan. C2 da B2 kuwa an bar su a sake domin kowane gurbi ya gwada kansa da maƙwabcinsa na hagu. Ranar da aka so sauya iyaka, lamba ɗaya za a gyara, jadawalin gaba ɗaya ya bi.

*Mataki na biyar: jerin ƙa'idoji.* Ƙarin kashi 12 ya cika sharaɗin ja, ya kuma cika na rawaya, tunda ya haura 5. Idan ƙa'idoji biyu suka yi karo, manhaja tana fifita wadda ke sama a jeri. Saboda haka ja ya zauna a saman rawaya, rawaya a saman kore. Wanda ya juya jerin ba zai taɓa ganin ja ba.

*Mataki na shida: mabuɗi.* A gefen jadawalin a rubuta ma'anar kowane launi da ranar da aka shigar da bayani na ƙarshe. Hotonsa zai iya yawo a WhatsApp har ya kai ga wanda bai san tsarin ba, ko ya sake ɓullowa bayan wata uku ana cewa na yau ne.

Gurbin da babu komai a cikinsa

Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane, kuma a gabashin Sakkwato ba ƙaramin lamari ba ne. A watan Satumban 2021, gwamnatin jihar ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Wurno da Rabah da Goronyo, a wani yunƙuri na daƙile 'yan bindiga. A cikin watan ne kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar. Wanda ke bibiyar farashin raguna ko rahoton asibitocin karkara a lokacin, makonni suka shuɗe guraben wasu garuruwa babu komai.

Matsalar ita ce, idan Excel ta zo gwada gurbin da ba a rubuta komai a cikinsa ba, sifili take ɗaukarsa. A jadawalin farashi, hakan na nufin kaya sun faɗi da kashi 100 cikin 100, gurbin ya yi kore shar. A jadawalin cututtuka kuma yana nufin ba a samu mai ciwo ko ɗaya ba. Wato garin da ya fi kowane shiga tasku, wanda ma'aikacinsa ya kasa fitowa ko ya kasa samun layin waya, shi ne zai fi kowane kyan gani a allo.

Maganin shi ne a tanadi launi na musamman ga rashin bayani, galibi ruwan toka, a kuma ɗora ƙa'idarsa a saman duk sauran:

=OR(B2="",C2="")

A Excel a sanya alama a akwatin Stop If True da ke gefenta, domin kada wata ƙa'ida ta sake taɓa gurbin. Idan AVERAGEIFS ne ke cika guraben, a lulluɓe shi da umarnin IFERROR, ta yadda makon da babu rahoto zai fito fayau maimakon saƙon kuskure.

Tsohon bayani ma ɗan'uwan rashin bayani ne. Umarnin TODAY yana fitar da kwanan watan yau, don haka ana iya tsara cewa duk kasuwar da rahotonta na ƙarshe ya haura kwana bakwai, sunanta ya dusashe zuwa ruwan toka. Shugaban sashe da ya ga toka ta yi yawa a gefe guda na jadawalinsa, ya samu labari mai muhimmanci tun kafin ya karanta lamba ko ɗaya.

Wa ke yanke iyaka, kuma da me ake gwadawa?

Ja a wurin wa? Tashin kuɗin gero mummunan labari ne ga ma'aikaci mai jiran albashi, amma albishir ne ga wanda ya tara buhuna a sito. Kafin a raba launi sai an san wanda jadawalin yake yi wa magana.

Iyakar da aka yanke da naira ba ta daɗewa. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashi ya yi ta hawa, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a watan Disambar 2024. Wanda ya tsara tun 2022 cewa buhu ya yi ja idan ya haura naira kaza, tuni jadawalinsa ya rine gaba ɗaya, kuma jadawalin da ko'ina ja ne ba ya nuna komai. Shi ya sa kashi cikin 100 ya fi dacewa.

Akwai kuma batun lokaci. Albasar da ake nomawa da rani a fadamun Wurno da Goronyo tana araha lokacin da ake cire ta, ta yi tsada bayan watanni idan ta yi ƙaranci. Tashinta a wannan lokaci ba labari ba ne. Labarin shi ne idan ta tashi fiye da yadda ta saba, kuma ba a gane hakan sai an gwada da irin wannan lokaci na bara. Raguna kuwa kalandar Musulunci suke bi. Babbar Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekara ta Miladiyya, don haka ya fi a jera makonnin bisa kusancinsu da Sallah: saura mako huɗu, saura uku, saura biyu.

Wani lokaci haɗarin yana ɓangarori biyu. Madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan Gulbin Rima tana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. A watan Satumban 2010 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a garuruwan da ke bakin gulbin. A farkon 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har ya koma kusan kashi 10 cikin 100, lamarin da ya tayar da hankalin manoman rani da mazauna birnin Sakkwato. Jadawalin da ke bibiyar irin wannan ruwa yana buƙatar launin gargaɗi a sama da ƙasa, kore ya zauna a tsakiya.

Yawan jama'a ma yana sauya iyaka. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan sanƙarau, a yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, ana shiga matakin gargaɗi idan aka samu mutum 3 cikin kowane 100,000 a mako, matakin annoba kuma idan an kai 10. A yankin da bai kai mutum 30,000 ba kuwa, kai tsaye ake ƙirga marasa lafiya: biyu a mako gargaɗi ne, biyar annoba. Darasin da ke ciki ga ma'aikaci shi ne, idan fanninsa yana da iyakar da hukuma ta amince da ita, ya yi amfani da ita, kada ya ƙirƙiro tasa.

Manhajojin nan suna da wani zaɓi na launi mai sauyawa a hankali daga haske zuwa duhu, wanda Excel ke kira Color Scales. Yana da kyau wajen nuna yanayi a dunƙule, amma yana da rauni. Idan aka haɗa kuɗin rago da na tiyar wake a ma'auni ɗaya, ragon zai kwashe duhun, sauran su zama fari fat. Haka nan kuskuren ƙarin sifili ɗaya a gurbi guda yana iya dusashe jadawalin baki ɗaya.

Ga masu rubuta manhaja

Matasan da ke gina wa 'yan kasuwa ko ma'aikatu manhaja ta waya ko ta intanet, tsarin bai canza ba. Harshen HTML ne ke kafa layuka, CSS ya ba su fasali, JavaScript kuma ya ɗauki kowace lamba ya gwada ta da iyakoki ya mayar da sunan launi. Allo yana haɗa launi ne daga ja da kore da shuɗi, kowanne mai matakai 256, abin da ke ba da launuka 16,777,216. Jadawali mai amfani huɗu ko biyar kawai yake buƙata daga ciki.

Ya kamata aikin zaɓen launi ya zauna a wuri ɗaya a cikin manhajar, kuma tambayarsa ta farko ta kasance: akwai bayani ko babu? Iyakokin su zauna inda mai manhajar zai iya gyara su ba tare da ya nemo wanda ya rubuta ta ba. Idan layin intanet ya yanke, shafin ya nuna bayanan ƙarshe da ya samu tare da lokacinsu a fili. Manhajar DHIS2, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo kuma Najeriya ke tattara bayanan asibitoci da ita, tana da wannan tsari na ɗora launi a kan jadawali, don haka jami'in lafiya ba ya buƙatar gina nasa daga tushe.

Inda launi ke yaudara

Ba kowa ke bambance ja da kore ba. A ƙasashen Turai, kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da wannan matsala ta gado. Adadin ya fi ƙanƙanta a Afirka, amma akwai su, kuma da yawa ba su san suna da ita ba. Ban da haka, yawancin ofisoshinmu baƙi da fari injinansu ke bugawa, inda ja da kore kan fito da duhu kusan iri ɗaya, sannan ga hasken rana da ke kashe allon waya a tsakiyar kasuwa. Saboda haka kada launi ya tsaya shi kaɗai. A bar lambar a bayyane a cikin gurbi, a ƙara kibiya mai nuna sama ko ƙasa, a zaɓi launi mai haske a bayan baƙin rubutu.

Launi ɗaya kuma yana iya rufe bambanci mai yawa. A nazarin wadatar abinci da aka ambata, ana ba yanki launin wani mataki ne idan aƙalla kashi 20 cikin 100 na jama'arsa sun kai wannan mataki ko sun wuce shi. Ke nan yanki zai iya zama rawaya alhali dubban mutanensa suna cikin mawuyacin hali. Jihar Sakkwato tana da mazaɓu 244. Ƙaramar hukuma za ta iya yin kore a dunƙule, amma mazaɓu biyu a cikinta suna ja. Jadawali mai kyau yana ba da damar sauka daga ƙaramar hukuma zuwa mazaɓa.

Lambar da ake rabawa da ita ma abar dubawa ce. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ta 2006 ce, duk abin da ake amfani da shi yanzu hasashe ne a kanta. A yankin da rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka, jama'a sun ragu a wani wuri sun cunkushe a wani. Asibitin garin da ya karɓi 'yan gudun hijira zai iya nuna ya yi wa fiye da kashi 100 na yaran yankinsa rigakafi. Irin wannan lamba tana buƙatar launinta na daban mai nufin a sake bincike, ba kore ba.

Na ƙarshe ya shafi shugabanni. Idan ja ya zama yana nufin takardar tuhuma ko riƙe alawus, ƙananan ma'aikata za su koyi rubuta lambar da ke fitar da kore. Daga ranar jadawalin ya daina nuna halin da ake ciki, ya koma nuna tsoron da ake ji. Ma'aikacin da ya kawo rahoton gaskiya mai ja ya cancanci a tambaye shi abin da yake buƙata kafin a tambaye shi laifinsa.

Kafin a fara dogaro da shi

Wanda ya gama gina jadawalinsa ya jarraba shi da gangan. Ya rubuta lambar da ta faɗa daidai kan iyaka ya ga launin da za ta ɗauka. Ya share gurbi ɗaya ya tabbatar ya koma toka. Ya ƙara sifili a kan wani farashi, ya rubuta wani da kalmomi. Ya buga shi baƙi da fari. Sannan ya miƙa wa abokin aiki ko yaron shago da bai san tsarin ba, ya tambaye shi abin da ya fahimta.

Bayan haka ya rubuta a ƙarƙashin mabuɗin matakin da ke biye da kowane launi. Ga ɗan kasuwar da ke sayen hatsi daga Achida, kore na iya nufin a ci gaba da saye kamar yadda aka saba, rawaya a kira dillali na biyu a tabbatar da farashin, ja a dakata a duba sauran kasuwanni huɗun kafin a tura kuɗi. Ruwan toka kuma na nufin a ɗauki waya a nemi mutumin da ke can, a fara da tambayar lafiyarsa da ta garin, sannan a zo kan farashi.